Ranar da Na Yi wa Jirgin Ruwa Wankin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na shafe jirgin ruwa da man gyaɗa. Na san duk wanda ya san cikin birni zai ce, jirgin ruwa kuma a Koki? To, an yi shi, a gidanmu aka yi, kuma ni ce amaryar da ta yi aikin da hannunta.

Bari in fara da inda na fito, don a san ba haka kawai na haukace ba. Ni 'yar Gwale ce. A gidanmu ba a san mu da kuɗi ba, ba a san mu da boko mai zurfi ba, amma an san mu da wanke tukunya. Innata, Allah Ya ji ƙanta, in ta gama da tukunya, mace sai ta duba fuskarta a gindinta ta gyara ɗaurin ɗankwali. Kayan aikinta toka ce, da soson ƙarfe, da ƙarfin damtse. A wurin Inna duk abin da ka gani ya dushe, to raggon hannu ne ya taɓa shi. In kuma abin na ado ne, kamar ƙwarya ko akushi, bayan an kankare sai a ɗiga man gyaɗa a tsumma a bi shi har ya ɗauki ido. Da wannan ilimin aka kai ni ɗakin miji, kuma ina ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da digiri.

Gidan da aka kai ni babban gida ne a Koki. Asalinsu Barebari ne, amma sun daɗe a Kano har ba wanda ya rage yana jin yaren sai gaisuwa da zagi. Sana'arsu turare, kuma shagon gidan yana Kurmi, a hannun surukina, wanda kowa ke kira Baba Alhaji. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai son fararen kaya. Ni tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya ce, "Amarya, an tashi lafiya?" in ce "Lafiya ƙalau," in sulale. Iyakar hirarmu ke nan, kuma haka ya kamata.

Uwar mijina kuwa, Hajiya, tun satin farko ta ga yadda na mai da tukwanen gidan, ta ɗaga ɗaya sama tana nuna wa baƙi. "Ku ga hannun 'yar Gwale," in ji ta. Daga ranar kaina ya kumbura. (Ina jin da a ce ta yi shiru da bakinta, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma ba zan ɗora mata ba, don ɗora wa wani laifi shi ne ma ciwon da ke cikin labarin nan.)

Maigidana, Bukar ake ce masa a gida, ni kuwa Yaya nake kiransa. Mutumin kirki ne, sai dai zaman shago ba ya yi masa. Kafin aurenmu ya yi kiwon kaji, suka mutu, ya ce mai sayar da tsakin ne ya cuce shi. Ya sayi adaidaita, inji ya buga, ya ce bakanike ne. Ya yi kiwon tarwaɗa, suka taso saman ruwa ciki a sama, ya ce ruwan rijiyar ne ba kyau. Kullum Baba Alhaji sai ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai dai Bukar, kullum wani ne."

Sai ga maganar jirgi. Wani abokinsa ya kai shi dam ɗin Tiga, ya ga yadda mutane ke zuwa shan iska ranakun hutu da lokacin Sallah suna neman wanda zai zaga da su a kan ruwa. Ya koyi tuƙi a can, ya tattara duk abin da ya tara ya sayo wani ƙaramin jirgi na hannu daga Legas, irin na faiba ɗin nan marar nauyi, ba katako ba, ba ƙarfe ba. Wannan karon na ga abin ya shiga ransa da gaske. Har rigunan nan masu hana nutsewa ya sayo ya jera a ɗakina.

Ranar da aka kawo jirgin, mota ta tsaya a bakin titi wajen Ƙofar Mazugal, don ba lungunmu da mota za ta shiga. 'Yan dako suka ɗauko shi a ka, fari, dogo, mutane na bin su a baya. Hajiya ta leƙo ta hango, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, wa ya rasu?" Da ƙyar aka juya shi aka shigar da shi kangon bayan gida, inda Hajiya ke ɗaure awakinta. Akwai ƙofa daga tsakar gida zuwa kangon, don haka mu mata muna shiga ba sai mun fita waje ba. Aka kife shi a kan tsofaffin tayoyi, gindinsa a sama, daidai yadda ake kife tukunya in za a kankare ta. Ni kuwa tun a nan hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Baba Alhaji bai je ya gani ba. Ya kira Yaya zaure, ya ce masa kakanninsu sun baro bakin tafki sun hau tudu, shi kuma yanzu zai koma ruwa. Ya ce ba zai hana shi kai tsaye ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zo da Malam Liman su duba jirgin. In ya ga alamar abin yana hannun mai kula, zai sa albarka a yi addu'a. In kuwa ya ga irin riƙon da aka yi wa kaji da adaidaita ne, to a sayar, Yaya ya koma shago ya zauna, kuma kar ya sake kawo masa wata magana.

Yaya ya faɗa mini wannan muna tsaye a kangon. Yana shafa jikin jirgin a hankali, kamar mai lallashin jariri. Jirgin fari ne da ratsin shuɗi, yana ɗan sheƙi, amma akwai wani shati ruwan ƙasa da ya zagaye shi, inda ruwa ya saba tsayawa. Ya ja numfashi ya ce, "Da ma kayan gogewar sun iso kafin Juma'a. Na ce a sako mini su a mota, har yanzu shiru. Ki ga shatin nan, ya mai da shi kamar tsohon abu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce in taɓa ba, bai ce kar in taɓa ba, don ko a mafarki bai zaci zan taɓa ba. Ni kuma ban tambaye shi mene ne kayan gogewar ba. A raina cewa na yi, Allah sarki maza, har sai an aiko da kayan wanke-wanke daga Legas, alhali ga 'yar Gwale a gida.

Ranar Alhamis da sassafe ya tafi Tiga don su daidaita da mutanen bakin ruwa a kan inda zai riƙa ajiye jirgin. Ya ce a can zai kwana, gobe daga tasha masallaci zai wuce, su taho tare da Baba. Yana fita na ɗaura zani a ƙirji, na debo toka cikin tsohon kwano, na ɓare sabon soson ƙarfe, na ja bokiti.

Facalata Anti Rabi, matar yayan Yaya, ta zo ba awaki dusa ta tarar da ni na hau kan turmi ina dirza. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Amarya, kin tambayi mai shi kuwa?"

"Anti, wanki ne fa kawai. Ana tambayar izini kafin a yi wanki?"

"Ni dai na ga abin kamar roba-roba. Kar ki je ki yi masa illa."

"Ki bar ni da shi," na ce. "Tukunyar da ta shekara a murhu ma ta bi, balle wannan."

Ta ce to, ta tafi abinta. (Har yau in muka yi musu a kan wani abu, sai kawai ta kalle ni ta ce, "Ki bar ni da shi." Nan take nake yin shiru.)

Gaskiya shatin ya fita. Ina dirzawa wani farin ruwa yana gangarowa kamar an dama nono, ni kuwa ina murna, ina cewa ashe haka dattin Legas yake, fari. Da na ga inda na wanke ya fi sauran haske, sai na ce ai ba a wankin rabi, na bi jirgin gaba ɗaya, har ratsin shuɗin ban bari ba. Wajen hancinsa akwai wani tabo da ya yi mini gardama, na tsaya a kansa na nuna masa gidan da na fito. Ɓangaren baya ne kawai da ke manne da bango hannuna bai kai ba. Na sheƙa masa ruwa, ya yi ta walƙiya a jiƙe. Na koma ɗaki damatsana na ciwo, zuciyata fari ƙal, ina ta shirya yadda zan sunkuyar da kai in Baba ya tambayi wa ya yi wannan aiki.

Da safiyar Juma'a na leƙa kangon don in ƙara kallon aikina. Jirgin ya bushe, kuma sheƙin nan da ya zo da shi babu shi babu alamarsa. Ya koma kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Duk jikinsa zane-zane ne a zagaye, sawun hannuna, ko'ina. Na shafa, wani farin gari ya biyo tafina. Ratsin shuɗin ya koɗe kamar tsohuwar atamfa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu ɗigo-ɗigo ja da suka feso masa kamar mai ƙyanda. Daga baya na gane ɓurɓushin soson ƙarfen ne ya maƙale a cikin zanen, ya kwana da danshi ya yi tsatsa.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya ya kira mijinsa. Ni kuwa sai na tuna ai ban ƙarasa karatun Inna ba, saura shafe. Na shiga ɗaki na ɗauko man gyaɗan da aka kawo mini cikin gara, wanda ko buɗe shi ban yi ba don ina tattalinsa. Na yaga tsohon ɗankwali, na tsiyaya, na shafa a gefe guda don gwaji.

Wallahi kamar an yi sihiri. Zanen ya ɓace, shuɗin ya dawo, farin ya ɗauki ido fiye da ranar da aka kawo shi. Na ce Allah Ya ji ƙan Inna. Na bi jirgin tun daga hanci har inda hannuna ya kai, ban yi rowa ba, inda ya shanye in ƙara. Na ja baya na kalle shi yana ƙyalli, na tabbatar awakin suna ɗaure, na rufo ƙofa na tafi girkin Juma'a. Lokacin bazara ne, kuma kangon ba rufi. Ban kawo rana a lissafina ba, ban kuma kawo jar akuyar Hajiya ba, wadda ba a taɓa yin igiyar da ta riƙe ta ba.

Da aka sauko daga masallaci muka ji sallamarsu ta ƙofar waje ta kangon. Ni da Anti Rabi muka laɓe a bayan ƙofar tsakar gida muna leƙe ta tsagar ƙyaure. Na ci kwalliya, ko da za a ce a kira wadda ta yi aikin.

Tun kafin in ga komai na ji wari. Rana ta dafa man, kangon gaba ɗaya yana tashin ƙaurin kaskon mai ƙosai. Da na daidaita idona, sai na ga jirgin ya yi gashi. Duk wani ɓurɓushin harawa da dusa da gashin akuya da iska ta ɗauko ya manne masa. Kiyashi sun yi layi daga tayoyin har ƙololuwa, ƙudaje na shawagi. Jar akuyar nan ta tsinke igiya, ta ɗora ƙafafun gaba a kan taya, tana lasar gefen jirgin ido a lumshe. Inda ta lashe ya fito fari busasshe da zanen hannuna da ɗigon tsatsa.

Baba Alhaji ya shigo cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, sai ƙamshi yake. Malam Liman na gefensa, Yaya na bayansu da jakarsa ta tafiya a kafaɗa, yana cewa, "Baba, za ka ga jikinsa ma, santsi ne da shi kamar…" Bai ƙarasa ba. Na ga bakinsa ya tsaya a buɗe.

Baba idonsa ba ya gani sosai daga nesa, kuma ɗan kasuwa ne, ba ya yarda da kaya sai ya taɓa. Ya matsa, ya tattare hannun riga, ya dafa jirgin da nauyinsa don ya ji ƙwarinsa. Hannun ya zame. Ya tafi gaba ɗaya ya rungume jirgin da ƙirjinsa, hularsa ta faɗo ta gangara ta kan man ta sauka gaban akuya. Yaya da Liman suka taro shi. Da ya miƙe, gaban farar rigar nan tun daga wuya har gwiwa ya zama taswira, mai da harawa da kiyashi suna gudu a kan aikin zare.

Anti Rabi ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na durƙushe a wurin.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗaga tafinsa ya shinshina, irin shinshinar mai turare, a hankali. Ya ce, "Man gyaɗa ne. Mai kyau ma, na gida." Ya kai yatsa inda akuya ta lashe, ya kankara da farce, ya duba farin garin. Sannan ya juya. "Bukar, jirgin ruwa ka sayo ko kaskon tuya? Wannan ce kulawar da ka kira ni in gani? Wa ya yi wannan?"

Na ga Yaya ya kalli jirgin, ya kalli kwanon tokar da na manta a gindin turmi da soson ƙarfe a ciki, ya kalli ƙofar da nake bayanta. Ya gane. Na rufe ido ina jiran in ji an ce Amarya ce.

"Ni ne, Baba," ya ce. "Ni na yi ganganci. Ban san yadda ake yi ba."

Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda abin da ya zata ya tabbata. "To, ai magana ta ƙare. Malam, ka yi haƙuri na taso ka a banza. Gobe sai a nemi mai saye."

"To, Baba," in ji Yaya, muryarsa can ƙasa.

Wannan "to" ɗin ita ta tashe ni. Na san abin da jirgin nan yake a wurinsa, na kuma san in aka fita daga kangon nan a haka, shi da shago har tsufa. Tsoro nake ji, kunya kuma kamar ta kashe ni, amma na ja mayafi na rufe fuska, na tura ƙyauren. Anti Rabi ta kamo zanina tana raɗa, "Ke, ina za ki? Da Liman fa!" Na fizge na fita, na zube a gaban surukina, a kan kashin awaki, da kwalliyata.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce. Shi ba ya ma gari."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Akuya dai ba ta fasa lasarta ba.

"Ke ce, Amarya?"

"Ni ce."

"Da me kika wanke shi?"

"Da toka."

"Sai me?"

"Da soson ƙarfe."

"Sai me?"

"Sai… man gyaɗa."

Sai ya ce, da muryarsa ta kullum, ba ko murmushi, "Albasa fa? Ba ki samu ba ne?"

Malam Liman ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Ya mai da abin tari, tarin ya ƙi, ya juya ya dafa bango yana ta girgiza, rawaninsa na karkacewa. Daga bayan ƙofa na ji Anti Rabi ta saki tata, sai ga muryar Hajiya tana tambayar lafiya. Ni dai ina durƙushe ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi.

Baba ya karɓi hularsa daga hannun Yaya, ya kakkaɓe, bai sa ba. Ya juya ya dubi ɗansa.

"Bukar, yanzu ƙarya ka yi mini, a gaban Malam, ranar Juma'a."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Kaji sun mutu, ka ce mai tsaki ne. Adaidaita ta lalace, ka ce bakanike ne. Kifi, ka ce rijiya. Tun kana yaro nake jira in ji ka ce ni ne, ban ji ba sai yau, kuma yau ɗin ba kai ba ne." Ya sa hular. "Ka nemi gafarar Allah a kan ƙaryar. Jirgi kuma ba za a sayar ba. Amma ba zai taɓa ruwa ba sai ya koma yadda aka kawo shi, kuma ba za a kira kowa ya gyara ba. Ku biyu za ku yi, da wanda bai yi bayani ba da wadda ba ta yi tambaya ba. Malam, yi mana addu'a, kiyashi na cizona."

Haka aka yi addu'ar, Liman na yi muryarsa na rawa, akuya na lasa, ni ina durƙushe ina cewa amin cikin mayafi ina hawaye. Da Baba ya shiga gida ya cire rigar, na je da sauri zan karɓa in wanke don in rage laifi. Hajiya ta riga ni ɗauka ta rungume. "A'a, 'yar nan, bar shi," ta ce. "Wannan a kai wa mai wanki."

Kayan gogewar suka iso cikin satin da ya biyo. A nan Yaya ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ashe sheƙin nan ba fenti ba ne kawai, wata fata ce siririya, ba ta fi kaurin farce ba, ita ce ke hana ruwa shiga cikin faibar. Farin ruwan da na ga yana gangarowa ina murna, ita ce nake kankarewa. Allah Ya taimake ni ban huda ta ba, sai wajen hanci inda na tsaya gardama, can ta yi sirara har wani duhu na leƙowa.

Fitar da man ma aiki ne, don ya shige cikin zanen. Muka yi ta wankewa da sabulun ruwa da guntun katifa mai laushi, mu ɗauraye, mu sake. Tsatsar kuwa lemon tsami muka matsa mata, muka bar ta ta jiƙa, ta bi tsumma. Da muka janye jirgin daga bango, sai ga ragowar shatin nan a baya inda hannuna bai kai ba. Yaya ya matsa masa lemon shi ma, muka ɗan jira, ya goge da tsumma, shatin ya tafi, sheƙin na nan lafiya lau a ƙarƙashi. Na zauna a kan turmi na kalli lemon nan. Ranar Alhamis ɗin da na yi ta dirza, akwai shi cike da kwando a madafina.

Sauran aikin na haƙuri ne. Akwai samfefa mai laushin da ta fi tafin hannuna santsi, a jiƙa ta a ruwa a bi zanen da ita kamar ana shafa kan jinjiri. Sai wani farin mai kamar man goge baki, a murza da tsumma mai taushi, ɗan wuri kaɗan, a goge, a matsa gaba. Daga ƙarshe kaki irin na goge mota, a shafa siriri, a bar shi ya yi hazo, a share. Duk a inuwa, sai da muka kafa rumfar buhu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe hannuna, don da na ga wuri ya ƙi sai damtsena ya motsa, Yaya ya ce, "Gwale, a hankali." Lokaci-lokaci Baba kan biyo ta kangon, ya ja yatsa a jikin jirgin, ya shinshina, ya wuce abinsa. Ranar da ya zuba ruwan butarsa a kai, ruwan ya dunƙule ya gangare bai jiƙa jikin ba, ya ce, "To, a kai shi. Allah Ya tsare, Ya sa albarka."

Jirgin yana Tiga har yanzu. Yaya ya so ya rubuta sunana a gefensa, amma kafin ya nemo mai rubutu duk gidan sun riga sun sa masa Kasko, kuma da shi mutanen bakin ruwa suka san shi. Duk ƙarshen damina in an fito da shi, ni nake zuwa in sa masa kaki, don Yaya ya ce ba wanda ya kai ni jin tsoron fatar nan. Wajen hancin dai bai taɓa dawowa daidai ba. Akwai wani dushi kamar faɗin tafin hannu, na sha cewa a kira masu gyara su rufe shi, Yaya ya ƙi. Ya ce in ba don wurin ba, da yanzu yana Kurmi yana auna turare.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba duk abin da aka kife ba ne tukunya, kuma akwai dattin da ƙarfi ba ya fitarwa sai dai ya fitar da fata. Tukwanena har gobe suna sheƙi, ban tuba da wannan ba. Amma yanzu in maigida ya ja numfashi ya ce, "Da ma…" ba na tashi in ɗaura zani. Kujera nake ja in zauna, in ce, "Yaya, ƙarasa maganar. Da ma me, kuma da me ake yi?"